Tayoyin araha a ƙarƙashin motar shaƙatawa mai ɗaki

Motar shaƙatawa mai ɗaki da gado da madafa ba ta cin taya kamar motar haya, domin galibin shekara a ajiye take, rana na dukanta, nauyinta kuma na danne gefe guda na tayoyin. Saboda haka, da lokacin sauyi ya yi, na ga babu dalilin biyan kuɗin suna a kan tayar da za ta tsufa tun zanenta bai suɗe ba. Dillalin ya tabbatar mini cewa tayoyin arahar girmansu ɗaya da na asali, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ya yi shiru a kan abin da ya fi girman muhimmanci.

A kan babbar hanya, da tsakar rana, tankin ruwa cike, tayar baya ta dama ta fashe. Abin da har yanzu yake ƙona mini rai shi ne ɓarnar da ta biyo baya: ɓallen robar da wayoyin ƙarfen cikinta suka yi ta dukan ƙasan ɗakin har suka yage bututun ruwa, suka tsinke wayoyin fitilun baya, suka kuma huda katakon daɓen. Kuɗin gyaran ya haɗiye rangwamen da na samu, ya nemi ƙari.

Mai gyaran ne ya goge gefen tayar da tsumma ya nuna mini lambobi biyu. Ta farko lambar nauyi ce. Kamfanin motar ya buƙaci 116, wato kilo 1,250 ga kowace taya, alhali wadda aka saka mini 112 ce, mai ɗaukar kilo 1,120 kacal, ma'ana ƙafafun baya biyu sun yi giɓin kilo 260 a daidai inda tanki da kaya suke. Ta biyu kuwa lambobi huɗu ne a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma sun nuna cewa tayar ta shekara huɗu a rumbu kafin a sayar mini da ita a matsayin sabuwa. Kamfanin taya na Michelin da kansa yana ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta na nan.

Ba na cewa duk taya mai araha banza ce, domin akwai waɗanda lambobinsu daidai suke. Amma manyan kamfanoni suna da samfurin da aka ƙera musamman don irin wannan mota, masu alamar CP, kamar Agilis Camping na Michelin da VancoCamper na Continental, waɗanda gefensu ya fi jure doguwar ajiya da iska mai yawa. Irinsu na saka yanzu, bayan na hau ma'aunin manyan motoci da cikakken kaya na san nauyin gaba da na baya daban-daban. Da dillali ya mirgino tayoyin, sai da na durƙusa na karanta lambar kowace ɗaya, har da safaya, na kuma mayar da guda saboda ta girmi sauran da shekara biyu.