Rokar takarda da gorar lemo

Dogon hutun bara gidanmu ya cika da yara. Nawa uku, na yayata biyu da aka kawo daga Zariya, ga na maƙwabta da ba sa jiran gayyata. Kafin sati ya zagayo ƙwallo ta ci gilashin taga ɗaya, wayata kuwa ba ta ƙara kwana da caji ba. Uwargida ta ce, "Malam, ko dai ka samar musu abin yi, ko ni ka samar mini wurin zuwa."

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne bindigar biro da muke yi muna firamare. A zare ruwan biron, a danna bututun a kan ɓawon lemo har ya yanko ɗan guntu ya toshe baki ɗaya, a toshe ɗaya bakin ma haka, sannan a tura da tsinke. Iskar da ke tsakani ta matsu, sai ka ji ɗas, na gaban ya fice. Mun sha bulala a kanta, kuma babu malamin da ya taɓa ce mana darasin kimiyya ne muke yawo da shi a aljihu. Na ce to bari in yi wa yaran nan babbarta.

Kayan ba su da yawa. Gorar lemo ta roba mai lita ɗaya da rabi, guntun tiyon ban ruwa kamar kamu uku, da bututun famfo na roba mai rabin inci, tsawon ƙafa ɗaya, wanda wani mai aikin famfo ya ba ni kyauta daga cikin ragowarsa. Wurin mai faci na karɓo tsohon tiyub na keke, na yanyanka shi ziri-ziri don ɗauri. Baki ɗaya na tiyon ya shiga bakin gora, ɗayan ya haɗu da bututu, na naɗe mahaɗan biyu da robar tam. Rokar kuwa takardar tsohuwar kalanda ce, a naɗe ta a jikin bututun, a liƙe da salatif, a toshe kanta. A zura ta a bututu, yaro ya taka gorar da ƙarfi, shi ke nan.

Haka yake a baki. A aikace, na farko kunya na sha.

Da daddare na zauna ni kaɗai na haɗa komai, don in burge su da safe. Na tara su a tsakar gida, na yi dogon jawabi, babban ɗana ya yi tsalle ya dira a kan gora. Gora ta lotse, roka ko gezau. Na naɗe takardar ta kama bututun kamar wandon da ya yi wa mutum kaɗan, iskar ta rasa yadda za ta yi da ita, sai ta ɓalle ta mahaɗin tiyo. Autana ya ce, "Baba, ta tafi ne ta dawo?" Har Hajiya da ke kan tabarma tana jan carbi sai da ta murmusa.

Ta biyu na sassauta naɗin fiye da kima, iska ta zurare ta gefe, rokar ta ɗan ɗaga ta faɗo a gaban ƙafata. Ta uku ta zauna daidai, amma hularta ce ta yi sama ita kaɗai, gangar jikin na nan a bututu. A nan na gaji, na tura musu almakashi da salatif da kalandar, na ce kowa ya yi tasa. Da tun farko haka na yi, da na huta. 'Yar yayata mai shekara 11 ce ta gano dabarar: ta fara naɗa wata takarda a jikin bututun, ta naɗa rokar a kanta, sannan ta zare ta cikin. Ratar da ta rage ita ce daidai, tana zamewa ba tare da ta yi sako-sako ba. Kuma kafin ta kawo sai ta hura rokar da baki, ta sa kunne ta ji ko akwai inda ke yoyo. Tata ce ta fara tsallake katangar gida.

Ana cikin ihu Hajiya ta ce, "Wannan ai zugazugin maƙera ne kuka sake wa kama." Ni da na shirya yi musu bayanin Robert Boyle, Baturen da ya wallafa a 1662 cewa idan ka rage wa iska wuri matsinta yana ƙaruwa, sai na ga tsohuwa ta riga ni, kuma nata ya fi shiga. Duk yaran sun taɓa ganin maƙeri yana danna fata iska tana fita ta ƙaramin baki tana rura gawayi. Na ɗora a kai kawai. Gorar da suke cewa babu komai a ciki, cike take da iska lita ɗaya da rabi, bututun kuwa abin da zai ɗauka bai kai rabin kofin shayi ba. In ka tilasta wa wannan iska duka ta bi wannan siririyar hanya cikin ƙiftawar ido, dole ta ture duk abin da ta tarar a gaba. Shi ya sa wanda ya taka a hankali, ko da ya fi kowa nauyi, rokarsa ba ta zuwa ko'ina. Wani ɗan siriri da ke dirowa da sauri ya yi ta kayar da yayyensa.

Wata matsalar ita ce tuntsura gudi-gudi. Roka ta fita da ƙarfi, sai ta kama juyi a sama ta faɗo kusa. Na tambaye su ina nauyin kibiya yake. Suka ce a gaba, wajen ƙarfen, kyauron baya ba shi da nauyi. Muka cusa ɗan ƙullin yumɓu kamar ƙwayar gyaɗa a cikin hular, muka liƙa fikafikai uku na kwali a gindi. Nauyi a gaba, abin da iska za ta kama a baya, sai ta miƙe ɗoɗar. Wani ya zari yumɓu kamar ƙwan zabo wai tasa ta fi ta kowa, ta faɗi a taku huɗu. Ban ce masa komai ba, da kansa ya ƙwaƙule.

Da la'asar muka koma filin makarantar unguwa, muna auna nisa da takun babban ɗana don kada a yi gardama. A littafi, karkata bututu digiri 45 shi ke ba da nisa mafi tsawo, amma wannan lissafi ne da bai sa jan iska a ciki ba. Takarda ba ta da nauyi, iska na riƙe ta, kuma mu mun ga in an ɗan kwantar da shi ƙasa da haka ta fi tafiya. Mafi nisan ranar taku 41, ta yarinyar nan ce dai, gajeruwa siririya. Mazan da suka yi dogwaye masu ado da kalar biro sun sha tsiya har gida.

Gora uku muka kashe kafin in lura cewa ta ruwan sha ba ta jurewa, taku biyu ta tsage. Ta lemo mai gas ta fi kauri, don dama an yi ta ne ta ɗauki matsi, kuma a tsakiya ake taka ta, ba a gindi ko wuya ba. In ta lotse sai a dunƙule hannu a bakin bututu a hura ta cikin hannun ta kumbura, kada baki goma ya taɓa bututu ɗaya. Doka ɗaya ce na tsaya a kanta ba wasa: ba a auna mutum da ita, ba a leƙa bututu, mai zura roka sai ya ja baya kafin a taka. Hular takarda mai yumɓu a ciki ta isa ta yi wa ido illa. Yaron da ya auna ƙanensa ya zauna a benci har aka tashi, kukansa bai sa na janye ba.

A hanyar dawowa babban ya ce, "Baba, haka kumbon Apollo 11 ya je wata a 1969?" Na ce a'a, tamu ma sunan roka kawai ta ara. Ta gaskiya tana ɗauke da nata man, tana ƙona shi tana feso hayaƙi baya, shi ke tura ta gaba. Tamu daga ta bar bakin bututu babu mai tura ta kuma, jifa ce kawai. Ya yi shiru har muka kai ƙofar gida, sannan ya ce to in aka ɗaura mata balan-balan da aka hura aka saki bakinsa fa? Washegari naira 200 ya karɓa a hannuna ya tafi shago. Guda biyu daga cikin rokokin makon nan har yau suna kan kwanon maƙwabcinmu, damina ta mayar da su dusa.