Land Cruiser mai wuyar tashi da safe: inda bincike ya kai

'Yan uwa masu koyon gyaran motocinsu da hannunsu, ga inda aka kwana game da Land Cruiser ɗina mai injin 1HZ, wato injin gas (dizal) ɗin nan mai silinda 6 da lita 4.2 wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990. Idan motar ta kwana, sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama, amma da zarar ta tashi sai ta wuni tana amsawa bugu ɗaya.

Da yake hunturu ya shigo, duk wanda ya ji labarin sai ya ɗora laifin a kan hita, wato filogan da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi. Na auna filogan hitar da mita, na same su lafiya lau, kuma dama matacciyar hita takan zo da farin hayaki da kakkarwar inji, abin da ban gani ba.

Gwajin da ya warware mini zare bai ci ko kwabo ba. A saman filtar mai akwai ɗan famfon hannu, kuma da na danna shi da asuba sai na ji ya lotsa ba nauyi. Na ci gaba da dannawa har ya yi tauri, sannan na murza makulli, motar ta tashi nan take. Ma'anar wannan ita ce iska tana shiga ta wata kafa cikin dare, man kuma yana zurarewa ya koma tanki. Irin wannan kafa tana da wuyar ganewa, domin famfon injekta, wanda ke tura mai cikin injin, tsotso man yake yi, saboda haka iska ke shiga ba tare da mai ya ɗiga a ƙasa ba. Da na sa tiyo mai garai-garai tsakanin filta da famfon injekta, sai ga ƙananan kumfa suna bin juna a jere.

Robar cikin famfon hannun ce ta tsage don tsufa. Na sauya kan filtar gaba ɗaya, na kuma kwance marfin magudanar ruwa da ke ƙasan filtar, inda ruwa mai tsatsa ya fito kafin tsabtataccen mai. Ina ganin wanda ke shan mai a bakin hanya bai kamata ya jira fitilar gargaɗi ba kafin ya zubar da wannan ruwa, domin shi ke cinye nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin injin.

Aikin da ke gabana shi ne makullan ƙafafun gaba, waɗanda ake murzawa zuwa LOCK don injin ya ja ƙafafun gaba ko FREE don ya sake su, domin na hagu ya fara gardama wajen komawa FREE bayan an fito daga rairayi.