Wasiƙa daga Marseille: A gidan wa kunya za ta kwana?

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Damagaram, da ƴan'uwa na Maraɗi, Katsina da Kano, assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Mu nan sai godiyar Allah, sai iskar hunturu da ke shiga ƙashi.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, saboda ba irin wadda ake yi a gaban manya ba ce. Ku gafarce ni, yau zan yi ta.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A ƙarshen 2024, duk gidan da na shiga talabijin labari ɗaya yake yi: shari'ar Gisèle Pelicot a kotun Avignon da ke nan Faransa, garin da bai yi mana nisa ba. Dattijuwa ce mai jikoki, ta haura shekara 70. Mijinta da suka yi kusan shekara 50 tare ya riƙa daka mata maganin barci a abinci, in ta fita hayyacinta sai ya kira mazan da ya samo a intanet su yi mata fyaɗe, shi yana ɗaukar bidiyo. Daga 2011 har 2020. Ita kuwa tana ta zaryar likita saboda mantuwa da ramewa, tana tsoron ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama ta, shi ne ma mai raka ta. Asirinsa ya tonu ne da aka kama shi a wani kanti yana ɗaukar hoton mata ta ƙarƙashin siket, ƴan sanda suka buɗe kwamfutarsa.

Maza 51 aka gurfanar har da mijin. Akwai ɗan kwana-kwana, akwai ma'aikacin jinya, soja, direban babbar mota, ɗan jarida. Akwai mai shekara 26, akwai mai 74. Magidanta ne irin waɗanda za ka gaisa da su a layin burodi. Ranar 19 ga Disamba 2024 kotu ta same su duka da laifi, mijin ya sha shekara 20.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da matar ta yi tun ranar farko. Doka ta ba ta damar a rufe ƙofa a yi shari'ar a asirce, ta ƙi. Ta ce a buɗe, kowa ya shigo ya gani, kunyar ta tashi daga kanta ta koma kan waɗanda suka aikata. Wata tsohuwa da nake yi wa wanka, mai shekara kusan 90, ta riƙe hannuna muna kallo, ta ce mini ita ma akwai abin da ya same ta tana budurwa, kuma ni ce mutum na farko da ta faɗa wa. Ta faɗa, sai ta ce in miƙo mata tabaraunta. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ni kuma na tuna wata yarinya a unguwarmu, mai tallar gyaɗa, ba ta wuce 13 ba. Ina ƴar makaranta lokacin, amma ban manta takalman maza jere a ƙofar zaure ba, da muryar mai cewa a rufa asiri, ai ɗan gidan mutunci ne. Aka yi sulhu, aka kawo kuɗi da goro. Da ciki ya bayyana aka ɗura mata wani jiƙo, ta kwana uku tana zubar da jini, sannan aka tura ta ƙauye wajen gwaggonta. Shi kuwa na ga bikin aurensa da idona, har da makaɗa. Asirin wa aka rufa? Ita dai kowa ya san nata, har yara suna nuna gidansu.

Da yawa daga mazan da aka gurfanar a Avignon sun ce wa alƙalai su ba su yi fyaɗe ba, tunda mijin ya yarje musu. Wato mace tana kwance kamar gawa, amma izinin na wani ne. Tsohuwar dokar Faransa tana neman a nuna an yi amfani da ƙarfi, ko tilas, ko barazana, ko shammata. Kalmar yarda ba ta ciki sam. Sai a Oktoba 2025 majalisa ta gyara. Yanzu doka ta ce dole a samu yardar mutum kafin abin, da son ransa, yana sane, kuma yana iya janye ta ko da an fara. Ta ƙara da cewa shiru kaɗai, ko rashin motsi, ba ya zama yarda.

Na san abin da wani zai ce: ai mu a wajenmu shirun budurwa shi ne yardarta. Malam, wannan a kan ɗaurin aure aka faɗe shi, kuma bayan an tambaye ta ne, tana farke, tana da bakin cewa a'a. Ba a kan yarinyar da tsoro ya ƙame ta a bayan shago aka faɗe shi ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yi wa wadda aka tilasta haddi, shi ne ma ake ɗora wa biyan sadakinta a kan hukuncinsa. Amma ku tuna Bariya Magazu a Zamfara: ta ce maza uku ne suka tilasta ta, aka sallame su saboda rashin shaida, ita aka yi mata bulala 100 a Janairu 2001 don cikin ya zama shaida a kanta. Safiya Husaini ta Sakkwato sai da ta ɗaukaka ƙara a 2002 ta tsira daga jifa.

Kada ku ɗauka ina cewa nan aljanna ce. Su ma masu fafutukar haƙƙin mata ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun ƙi sabuwar dokar, suna cewa in aka ɗora komai a kan yarda, lauyoyi za su koma bincikar matar, me ta ce, me ta sa, me ya sa ta yi murmushi, a manta da namijin. Akwai gaskiya a ciki. Sifaniya ta riga su yin irin wannan doka a 2022, aka yi kuskure wajen tsara shekarun ɗauri, fiye da fursunoni 1,000 suka samu sassauci, sai da aka sake gyara ta a 2023. Ni dai ina tare da masu dokar, don na gaji da jin tambayar "me ya sa ba ki yi ihu ba?"

Takardar doka ai muna da ita. Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin jama'a a 2015. A 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, Kaduna har ta kafa hukuncin dandaƙa. Mutane suka yi ta tafi. To amma wuƙar dandaƙa wa za ta yanka in ƙarar ta mutu a zauren mai unguwa? Tsananin hukunci ma wani lokaci shi ke sa dangi su taru su danne maganar, tunda mai laifin sau da yawa kawu ne, ko maƙwabci, ko malamin yarinyar.

Sai zancen zubar da ciki, wanda na fi jin nauyinsa. Faransa ta halatta shi a 1975, bayan wata shari'a a Bobigny a 1972 inda aka gurfanar da yarinyar da ta zubar da cikin fyaɗe tana ƴar shekara 16, lauya Gisèle Halimi ta tsaya mata har aka wanke ta. A Maris 2024 suka shigar da shi cikin tsarin mulki. Ban ce mu kwafo wannan ba. Ni Musulma ce, kuma zuciyata ba ta kai inda tasu ta kai ba. Amma cikin fyaɗe daban yake. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ƙasashen Afirka suka rubuta da kansu, ta amince a cire irin wannan ciki a asibiti. Najeriya ta rattaba hannu ta amince, duk da haka dokarta ba ta yarda ba sai in ran uwar yana cikin haɗari. Nijar kuwa majalisarmu ta yi watsi da yarjejeniyar. Malamai sun yi saɓani tun da can a kan cire ciki kafin kwana 40 ko kafin kwana 120, namu na Malikiyya sun fi tsanantawa. Ina roƙon malamanmu su zauna da likitoci da ungozomomi su duba mas'alar ƴar shekara 13 da ƙugunta bai isa haihuwa ba. Yanzu haka masu jiƙo da ƴan kemis ne ke yanke hukuncin, a ɗakin da aka kulle.

Iyayena mata, abu ɗaya nake roƙo da ba ya buƙatar majalisa. In yarinya ta zo tana kuka, ko ta zo ba ta kuka amma tafiyarta ta canza, kada a fara da mari, kada a tura ta wanka, kada a wanke zanen. A naɗe shi a ajiye, shaida ne. A kai ta likita a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Da an kai ƴar tallar nan a daren farko, da wataƙila ba a kai ga jiƙo ba. Masu zuwa zaure da goro kuwa, a bar su su jira a waje har a dawo daga asibiti.

A gaida Inna da mutanen gida duka. In Allah ya yarda ina tafe bayan babbar salla, kuma na san akwai waɗanda za su tare ni da faɗa a kan wannan takarda. A tanadar mini fura, zan zauna in saurara.

Taku,
wata ƴar Damagaram a Marseille