Jar ƙasar Zariya a kan ƙyalle

Tun da na kama zane da fenti, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, me ya hana ka ɗauka da waya kawai a buga maka?" Ba na jin haushinta. Tun 1839 da fasahar ɗaukar hoto ta fito a Faransa ake yi wa zanen hannu ta'aziyya, shi kuwa yana nan da ransa. A 2018 aka yi gwanjon "Tutu", wanda mai zane ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya zana a 1974, a kan fam miliyan 1.2 a Landan. Sai dai masu irin wannan rabo ƙalilan ne. Mu da ke sayen fenti da kuɗin cefane, wani abu ne dabam ya riƙe mu.

Ni katangar wani tsohon soro ce a cikin birnin Zariya ta ba ni amsa. Na ɗauke ta da waya, sai ta fito ja kawai, shafe guda. Da na zauna a gabanta da burushi, ido ya fara rarrabewa: inda makuba ta yi duhu kamar hanta, inda ruwan indararo ya wanke ya bar fari-fari, inda sawun yatsun magini ke nan a jikin dagin da ya zana tun yaɓen yana ɗanye. Hantsi na ɗagawa, launin da na haɗa da sassafe ya tashi daga aiki. Dole in yanke shawarar wace katanga zan zana, ta safe ko ta azahar. Waya ba ta tsayar da mutum ya yi wannan zaɓin.

Fentin mai na waje tsada gare shi, kuma jansa bai yi kama da namu ba. Sai na roƙi mai gidan ya bar ni in kwashi ƙasar da ta zube a gindin katangar. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in za ka kwashe duka ma ka taimake ni." Na daka ta a turmi, na tankaɗe, na jiƙa ƙaro ya kwana ya narke, sannan na kwaɓa. Ƙyallen kuwa farin yadi ne mai kauri, kafinta ya haɗa mini firam, na ɗaure shi tamau na shafe da gam da farin fentin ɗaki. Wanda ya tsaya kusa da zanen zai ga tsakuwa-tsakuwa, kuma in haske ya bugo ta gefe, kowane tudu sai ya yi 'yar inuwarsa. Wannan ba ya shiga allon waya.

Ba ni na fara ba. A garin nan, a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ce a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da adon gida. Hoto ma ba kishiyar fenti ba ne. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu da ke aiki a Amurka, hotunan danginta da na mujallu take kwafewa a kan takarda ta yi zane tare da su. Ni ma da wayar nake tuna yadda inuwa ta faɗi.

Masu saye a nan da yawa ba sa son fuskar mutum a bangon falonsu saboda addini. Wasu abokan sana'a na ganin takura ce. Ni ban gani ba, don zankwaye da ƙofofi da aikin babbar riga sun ishe ni aiki har tsufa.

Wanda zai gwada ƙasa da ƙaro ya kula da lokaci. Da hunturu kwaɓin kan bushe kafin ka kai burushi ƙyalle, sai ka riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan. Da damina kuma ƙaro na jan danshi, don haka a shafa masa banish in ya bushe sarai. Kada a naɗe ƙyallen in za a yi tafiya da shi, tsattsagewa yake yi. A bar shi a firam ɗinsa ko da direban mota zai caji kuɗin kujera.