Bayan farfesa ya fita daga anfi: aikin mataimakin malami a jami'a

Ɗalibin da ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya shigo jami'a a Maraɗi yakan ɗauka farfesa ne zai zauna da shi ya koyar da shi. Farfesa kuwa daga nesa zai riƙa hango shi a anfi, babban zauren lacca, yana bayani awa biyu, ɗalibai cike da ɗaki kowa na rubutu. Wanda zai sunkuya a kan kayen yaro ya ga inda lissafinsa ya karkace shi ne mataimakin malami, mai riƙe da TD da TP, wato zaman atisaye da zaman aikin hannu. Kuma sau da yawa shi ne wanda ba a taɓa nuna masa yadda ake koyarwa ba.

Tsarin LMD (lisans, masta, doktora), wanda UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ɗora wa ƙasashenta a 2007, ya sa lisans shekara 3 da kiredi (ma'aunin nauyin karatu) 180, masta shekara 2 da kiredi 120, sannan doktora. Darasi galibi ana raba shi uku: babban darasi a anfi, TD inda ake warware atisaye a ƙananan rukunai, da TP inda ake aiki da hannu a labo ko a gona. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ƙarfinta na wajen kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, kiwon lafiya, da IUT, cibiyar koyon fasaha. Fannoni ne da ba a iya su da sauraro kaɗai, don haka TD da TP su ne gadon bayan karatun.

Masu riƙe da su ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗaliban doktora da ake ba wa awoyi. Akwai wanda ya riga ya kare doktora aka ɗauke shi a matakin farko na malanta, yana tara takardunsa don CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke tantance hawan malamai daga mataki zuwa mataki har farfesa. Akwai kuma na wucin gadi da ake biya gwargwadon awa, wasu malaman lise ne, wasu masu bincike ko injiniyoyi. Kwamitocin CAMES takardu suke dubawa, kuma abin da ya fi nauyi a ciki shi ne binciken da aka wallafa. Ba su shiga aji su ga yadda mutum ke tafiyar da TD. Kada a yi mamaki in matashin malami ya fi ba labo ɗinsa hankali fiye da ajinsa. Malamin lise da ya bi ta ENS, makarantar horon malamai, a Yamai an koya masa tsara darasi an kuma zauna a bayan ajinsa an duba shi. Mai doktora ilimin fanninsa aka auna.

Kuskuren da ya fi yawa a TD shi ne mayar da shi ƙaramin anfi. Malam ya shigo da amsoshi a rubuce, ya juya wa aji baya, ya cika allo, ɗalibai su kwafe, kowa ya tafi yana ganin ya gane. Ranar jarrabawa a sauya lamba ɗaya, sai a ga takardu fari fat. Gyaran yana farawa tun kafin ranar. Takardar atisaye ta isa hannun ɗalibai mako guda kafin zaman, ta hannun delege, wakilin aji. Mataimakin ya warware kowace tambaya da bironsa, ba ya karanta amsar da farfesa ya ba shi ba, domin sai ya bi hanyar da kansa zai san inda ake tuntuɓe. A zaman awa biyu, atisaye huɗu ko biyar sun isa. Minti goma na farko a tuna ƙa'idar da za a yi aiki da ita. Daga nan a ba su minti goma zuwa sha biyar su gwada, biyu-biyu, shi kuma ya bar gaban allo ya ratsa layuka yana leƙa kaye. A wannan zagayen ne ake ganin gaskiya: wani ya manta mayar da mililita lita, wani alamar ragi ta ɓace masa a layi na biyu, wani bai ma gane abin da tambayar ke nema ba saboda Faransancin da aka rubuta ta da shi. Na ƙarshen nan jimla biyu da Hausa a gefen teburinsa kan warware masa, muddin an koma an rubuta amsar da harshen jarrabawa, kuma an tuna cewa ba kowa a ajin ke jin Hausa sosai ba.

Wanda za a tura allo kada ya zama gwanin aji kullum. A zaɓi wanda aka ga ya yi kuskuren da rabin aji suka yi, a bar shi ya rubuta har ƙarshe, sannan a tambayi sauran inda abin ya lalace. Wannan na buƙatar ladabi daga malam, domin in aka yi wa yaro dariya sau ɗaya ba zai ƙara tashi ba, ɗalibai mata kuma sun fi saurin janyewa. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani; amsarta "i, Malam" ce ko an gane ko ba a gane ba. A maimakonta a ba da ƙaramar tambaya mai kama da wadda aka gama, a ga hannu nawa za su iya. Kuma tunda amsoshin bara suna yawo a WhatsApp, lambobin atisaye su canza kowace shekara.

TP ya fi TD haɗari kuma ya fi shi cin shiri. Ɗauki aikin da kusan kowane ɗalibin kimiyya ke yi a shekarar farko: auna ƙarfin asid HCl da ruwan soda NaOH. Don samun soda mai ƙarfin mol 0,1 a lita, giram 4 ake narkarwa a lita ɗaya ta tataccen ruwa. In ɗalibai 24 ne, biyu-biyu, teburi 12 ke nan. Kowane teburi zai ci kusan mililita 100 tsakanin ɗauraye biret (bututun gilashi mai ma'auni da famfo, wanda ake ɗigo soda da shi cikin asid) da cikawa sau uku, don haka a haɗa lita 2, giram 8, saboda ɓari. Soda na shan laimar iska tun tana kan sikeli, ruwanta kuma na shan iskar carbon in an bar kwalba a buɗe, shi ya sa wanda aka haɗa wata guda da ya wuce ba a dogara da lambar da ke jikinsa. Dole mataimakin ya yi gwajin da kansa kwana guda kafin ranar, da kayan da ɗalibai za su taɓa. In mililita 10 na asid ya cinye kusan mililita 10 na soda, ya san lambar da zai sa ran gani.

A ranar, idonsa na kan abubuwa kaɗan da ke ɓata sakamako. Biret da aka ɗauraye da ruwa kawai ba a bi da soda ba, tana tsarma sodar, sai adadin sodar da aka ci ya haura. Kumfar iska da ta maƙale a ƙarƙashin famfon biret takan fita a tsakiyar aiki a lissafa ta a matsayin ruwa. Karanta ma'auni daga sama ko daga ƙasa maimakon ido ya daidaita da gindin lanƙwasar ruwan. Sai gaggawa a ƙarshe: da fenolftalen, sinadarin da ke sauya launi in soda ta cinye asid, abin da ake nema ruwan hoda ne mai haske ƙwarai wanda ya tsaya kamar daƙiƙa 30, ɗigo ɗaya kuma, kusan mililita 0,05, ya isa ya kawo shi. Wanda kwalbarsa ta koma jawur kamar zoɓo ya wuce wurin. A maimaita har a sami karatu biyu da ba su bambanta da fiye da mililita 0,1 ko 0,2 ba. Ba a zuƙar pipet, bututun ɗibar ruwa, da baki. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. In soda ta fantsama a ido, wanki ne da ruwa mai yawa na minti 15 sannan asibiti, don haka in famfo ba ya kawo ruwa, a tanadi jarka cike kafin a buɗe ƙofa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ɗalibai kan so tuɓe farar riga da tabarau. Nan ba wurin sassauci ba ne. Gyale da hannun riga mai faɗi a cusa su cikin farar rigar, musamman inda ake kunna wuta.

Gyaran takardu shi ne inda rigima ke tashi. In mataimaka uku suka raba takardun aji ɗaya ba tare da sun zauna ba, amsa iri ɗaya za ta sami 8 a hannun wannan, 12 a hannun wancan, alhali 10 bisa 20 ce iyakar ci da faɗuwa. Maganin zama ne na awa guda: a rubuta rabon maki dalla-dalla, nawa ga hanya, nawa ga amsa, nawa ake cirewa in an manta ma'auni; a ɗauki takardu biyar kowa ya gyara shi kaɗai, a kwatanta, a daidaita. Sannan a gyara tambaya ta farko a duk takardun kafin a shiga ta biyu. Mataimaki matashi ne, wasu ɗaliban ƙannen abokansa ne ko ƴan unguwarsu, kuma za a zo masa da "Malam, a taimaka". Rubutaccen rabon maki da rufe sunaye su ne kariyarsa. Ganin ɗalibi ko ɗaliba kuma a yi shi a ofis, ƙofa buɗe, a awoyin da aka sanar wa kowa.

Horon da zai kawo duk wannan tsadarsa ba ta kai a ce babu kuɗinsa ba. Kwana biyu ko uku kafin zango ya fara: kowane sabon mataimaki ya koyar da atisaye ɗaya na minti 15 a gaban ƴan uwansa su faɗa masa abin da suka gani, a yi TP ɗin farko tare da ma'aikacin labo, a gwada gyaran takardun bara. A cikin zango, malamin da ke da darasin ya shiga ajin mataimakinsa ko sau ɗaya ya zauna a baya, kuma su haɗu minti 30 kowane mako. Haɗuwar nan ta fi amfanar farfesa, domin mataimakin ne kaɗai zai iya ce masa kashi biyu cikin uku na rukuninsa ba su iya sarrafa ikon goma (lambobi irin su 10² da 10³) ba, a dawo kansa kafin a shiga babi na gaba. Shi kuma ɗalibin doktora, kafin ya karɓi rukuni, ya lissafa cewa kowace awa a aji za ta ci masa wata awa ɗaya ko biyu a shiri da gyara, a shekarar farko ma fiye, ya kai lissafin gaban mai duba bincikensa su yanke yawan rukunan da zai iya ɗauka.