Dodannina da zafin garin Garwa na Kamaru

Wallahi tun ina yaro muke ɗebo laka bakin Binuwai muna gina shanu, yanzu kuma na girma na koma gina dodanni, Hajiya har cewa take wai na rasa aikin yi. Na sayi lakar roba mai kala-kala, na lanƙwasa waya na yi wa wani dodo ƙashi, haƙora da tsinken tsintsiya, ido uku da duwatsun wuya na ƙanwata (bata sani ba har yau). Kwana biyu ina kan kunnensa kawai! Sai na barshi a taga watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, na dawo wuyansa ya lanƙwashe kamar mai gyangyaɗi. Lakar kogi dai tsagewa take, amma bata narkewa.