Godiya bayan fitowar fim ɗinmu

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jama'a fim ya fita, kun kalla kun yi dariya, ni kuma sai jiya na samu barcin kirki. Ba sai na maimaita ba, duk mai bin shafin nan ya san halin da muka shiga tun ranar da faifan da muka ajiye ɗaukar fim ɗin a ciki ya ƙi buɗewa.

Daren da edita ya kira ni muryarsa na rawa ya ce Anti sin ɗin falo ya tafi, wallahi ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi. Wanda ya kalla ya san sin ɗin, inda miji da mata suke musun wa ya fi shan wahala har suka yi musayar aiki, shi ya zauna da yara ita ta fita nema. Idan babu shi ai babu fim. Kuma sake ɗauka ba wasa ba ne, dole kaya su zo iri ɗaya, haske iri ɗaya, don ya haɗu da sauran sin ɗin da suka tsira, in ba haka ba mai kallo zai gane nan take. Ina zaune ina kuka sai ƙaramar cikinmu, yarinyar da ke riƙe mana kwantinuwiti, wato mai lura da cewa komai ya zo iri ɗaya daga wannan ɗauka zuwa waccan, ta miƙo min wayarta ta ce Anti duba. Ashe kowane shot sai da ta ɗauki hotonsa, agogon jarumi a wane hannu yake, inda kofi yake a kan tebur, har filon da jaruma ta jefe shi da shi. Ƙanwata na san ba kya son a ambace ki, yau dai ki yi haƙuri. Allah ya ba ki miji nagari, ya jiƙan mahaifinki, ya sa ki fi haka.

Jarumi da jarumarmu sun dawo lokeshin ba su karɓi ko sisi ba. Mai kyamara ya bar wani aikin ya zo, edita kuwa a gaban kwamfuta ya dinga kwana. Allah ya biya ku, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya raya muku zuri'a.

Irin wannan fim tsoronsa ɗaya, ka karkata wajen mata maza su ce an ci musu fuska, ka karkata wajen maza mata su tashi su fita. Da na ji maza da mata sun tuntsire da dariya a wuri ɗaya, har wani yana zungurin matarsa, sai hankalina ya kwanta.

'Yan uwan da na gaya wa ranar haska fim ɗin da bakina, ba su zo ba ko waya babu, ba komai, Allah ya bar zumunci. Mama kuwa da ƙafarta mai ciwo ta zo ta zauna har aka gama, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Masu tambayar yaushe za a sa a YouTube ku ɗan ƙara haƙuri, zan sanar a nan in sha Allah.